Bayan An Kashe Talabijin

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara a shekarun 1980 zai tuna doguwar gorar nan da ake ɗaura wa eriya a ka, a kafa ta jikin katanga, a sa yaro ɗaya ya riƙa murɗa ta daga waje yana tambaya ko ya yi, na ciki suna amsa masa baki ɗaya cewa ya ƙara kaɗan, ya koma baya, ya tsaya nan, har sai yayyafin da ke kan gilashin ya lafa, fuskar mutum ta fito tun daga Sakkwato. A lokacin babu jihar Zamfara, sai a 1996 aka yanke ta. A unguwarmu akwatin talabijin ɗaya ne, mai baƙi da fari, na wani ma'aikacin madatsar ruwa ta Bakolori. Aikin madatsar nan, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya yi a shekarun 1970, ya bar wa mutanen Maradun da Mafara da Bakura tabo mai zurfi, ga gonakin da ruwa ya ci, ga jinin manoma da aka zubar a 1980. Shi ne kuma ya kawo albashi da baƙi da irin wannan akwati. In ba wuta, sai a jona shi da batirin mota, a ɗora shi kan teburi a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi.

A nan muka san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta barikin soja mai haɗe da guntun Turanci. A nan muka san Ƙasimu Yero a Karambana, da Karkuzu daga Jos, da namu na gida irin su Golobo da Idon Matambayi. Dattawa a kan kujeru da buzu, matasa a tsaye ta baya, mu yara a gaba ƙafa a tanƙwashe, mata kuwa daga bakin zaure, suna leƙe ta bayan labule, wata da goyo, wata da ƙwaryar gyaɗar da ba ta gama ɓarewa ba. Yau a gidan da nake zaune akwai waya shida, kowa da abin da ya toshe kunnensa.

Amma ku 'yan baya, ba wasan kansa na fi kewa ba. Abin da ke biyo bayansa ne. Da zarar mai akwati ya murɗa makunni don tattalin batiri, sai zaman shari'a ya tashi, a ɗauko auren mutanen cikin akwati a baje shi kan tabarma kamar na 'yan unguwa. Wa ke da laifi, mijin ko matar? Ya kamata ta yi yaji ko ta yi haƙuri? Abokin nan nasa da ke zuga shi, aboki ne ko mahassadi? Kawuna, Allah ya jiƙansa, kullum bayan maigida yake, ko da maigidan ya yi abin da ko shi kansa ba zai yi ba. Gwaggona kuwa, daga bayan labule, ba ta taɓa bari maganarsa ta faɗi ƙasa. Na tuna wani dare da ya ce, “Ai wagga mata ita ta ja ma kanta, bakinta ya yi yawa.” Sai muryar Gwaggo ta fito daga zaure: “Yaya, bakin da bai ci ba shi ka yawa. Wanga mutum mi ya aje mata kahin ya hita?” Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka fashe da dariya, ban da mutum ɗaya.

Sai da na girma na gane dalilin da ya sa wannan mutum ɗaya bai yi dariya ba. Wani maƙwabcinmu ne da ya auro yarinya daga Bakura, kowa ya san yakan fita tun asuba bai bar kuɗin cefane ba, kuma babu mai iya tunkararsa, don shi ba yaro ba ne, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta kai ƙara ba. Gwaggo ba da mai wasa take ba. Ta sami bango ne ta jefa maganarta, ta dawo ta sami mai ita, ba tare da an kira sunan kowa ba, ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Ranar Talatar da ta biyo baya an gan shi yana dawowa daga kasuwa da tiyar gero biyu da ƙullin nama. Ba wanda ya ce masa uffan.

Ita ma kasuwar Talata tana da nata rabon. Mutanen ƙauyukan Bakura da Maradun da ba su taɓa ganin wasan da idonsu ba, a bakin direbobi da 'yan kamasho suke jin yadda aka kwana, kowa ya ƙara nasa gishiri, su kuma su ɗauki ɓangare da zafinsu, su koma gida da gardamar kamar yadda suke komawa da kanwa da manja. Kuma da yake sai bayan mako ake sake nuna wasa, ra'ayi yakan sami kwana bakwai yana nuna. Wanda ya rantse ranar Asabar cewa matar ce mai laifi, kafin wata Asabar ya ji ta bakin uwarsa da matarsa da mai shayi, ya sassauto.

Ba zan ce mutanen da sun fi na yanzu hankali ba. A cikinmu akwai tsofaffin da suka yi imani cewa abin da suke gani gidan mutum ne na gaskiya, suna tsine wa ɗan wasa har zuci. Akwai kuma matan da mazansu suka hana ko leƙen, sai dai a ba su labari da safe a bakin rijiya. Bambancin shi ne wanda kuka yi sa-in-sa da shi da dare, kafaɗarsa ce jikin taka a sahun asuba.

Daga baya bidiyo ta zo, da gidajen kallo, da Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a 2014. A waccan shekarar aka buɗe tashar Arewa24, ba da jimawa ba Daɗin Kowa ya shiga gidaje, sai na ga tsohuwar gardamarmu ta farfaɗo a kan Kamaye da matarsa Adama, talaucinsa da tsiwarta, mata na kare ta, maza na tausaya masa. Gidan Badamasi ya zo a 2019 da attajirin tsoho da tarin 'ya'yansa masu jiran gado, kuma duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gona a ƙasar nan ya san dariyar da ake yi wa su Ɗankwambo tana da ɗaci a ƙasanta. Labarina na Aminu Saira ya raba matasa gida-gida kan wanda ya dace da Sumayya, Mahmud ko Presido. Sai dai yanzu da baƙon da ba ka taɓa gani ba kake gardamar a Facebook, cikin minti biyar an bar Sumayya an koma zagin 'yar wasan da iyayenta. Wannan yana ƙona mini rai, don babu gidan da irin wannan magana ta taɓa gyarawa.

Ƙofar gidan ma ba ta zaunuwa da dare yanzu, kowa ya san dalili. A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Bakura da ƙasar Maradun, aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka hana cin kasuwannin mako, Talata ta zo ta wuce ba hayaniya. A cikin waɗannan makonni wani ɗan ƙanena ya dawo daga Sakkwato da sababbin fitowar wasanni cike da katin ajiyar waya. Da la'asar na tarar da su goma sha wani abu a zaurenmu, kai a haɗe kan waya ɗaya da aka jingina da buta, ƙannensu mata na leƙe ta bayan ƙyaure. Da aka gama sai murya ta tashi, wannan na cewa ta ci amanarsa, wancan na cewa shi ya fara, wata daga ciki ta jefo tata aka yi shewa. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a hannu, ban shiga ba, don kada su yi shiru. Ana kiran magariba uwar ɗayansu ta aiko a ce ya dawo gida kafin duhu, sauran ma suka miƙe, aka sa wa ƙofa sakata.