Gyaran Tsarin Darasi

Duk wanda ya nemi shaidar NCE, mafi ƙarancin takardar da ake koyarwa da ita a Najeriya, ya san zangon koyarwar gwaji. Da rana kana gaban allo, da dare kana kan littafin tsarin darasi: manufa, abin da yara suka riga suka sani, kayan aiki, matakan gabatarwa, sai auna fahimta. Malamin da kwaleji ta turo ya duba, ya ja layi, ka koma ka sake.

Jan bironsa ya fi sauka a kan manufa. In ka rubuta cewa yara za su fahimci rubu'i, sai ya ce da me za ka gane sun fahimta? Sai ka gyara: a ƙarshen darasi yaro zai yanka lemo gida huɗu daidai wa daida, ya ɗaga yanki guda, ya rubuta shi a allo. Daga nan sauran matakan kan daidaita da kansu.

Amma shafin da na fi ƙauna shi ne na waiwaye, wanda ake cikewa bayan an tashi. A nan kake rubuta cewa yarinyar da ke bencin baya ta motsa baki, ba ta ɗaga hannu ba, kuma gobe da ita za ka fara.

Maki yana da amfaninsa, takarda ma haka. Sai dai abin da nake roƙa wa sabon malami shi ne kada ya bar wannan waiwaye ranar da aka daina duba littafinsa, domin yaran suna nan, kuma haƙƙinsu na wuyansa.