Jitar Bes da Haƙƙin Maƙwabci a Lungunan Maamobi

A cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawowa zauren dattijonmu, waɗanda aikinmu ne mu rubuta su a littafi kafin a zauna sulhu, maganar ƙarar kiɗa ta daɗe da samun gurbi kusa da rikicin kuɗin haya da na magudanar ruwa. Abin da muka lura da shi shi ne, mai ƙorafi bai cika cewa muryar mawaƙi ta hana shi barci ba. Tsohuwa takan ce wani abu na dukan ƙirjinta, magidanci ya ce kwanon ɗakinsa na rawa. In aka kira samarin, sai su rantse ba su ƙure na'ura ba, har ma su ce da ƙyar suke jin abin da suke kaɗawa. Duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, kuma dalilin yana cikin jitar bes da yadda ake haɗa ta da amfilifaya.

Wannan jita mai tsirkiya huɗu ta bazu a duniya ne bayan da Leo Fender ya fitar da samfurinsa a Amurka a 1951. Tsirkiyarta mafi kauri tana girgiza kamar sau 41 a daƙiƙa guda, kuma zangon wannan sauti a iska ya haura mita takwas. Ɗakunanmu na gidan haya kuwa da wuya su wuce mita huɗu. Siririn sauti, irin na murya ko algaita, bango yana cinye yawancinsa. Kakkauran sauti yakan ratsa bulo, ya girgiza kwano da taga, ya bi lungu ya shiga gida na uku da na huɗu. Saboda haka wadda ke kwance can nesa ba ta jin waƙa ko kaɗan. Dukan kawai ke isa gare ta.

Mu ba baƙin kakkauran sauti ba ne. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da sanin tambari da ganga, mun kuma tashi muna jin kiɗan hailaif daga rediyon maƙwabta, ga shi kuma daga Nima ƙungiyar VIP ta fito har waƙoƙinta suka game Gana. Hukuncin kiɗa a shari'a fage ne na malamai, kuma ba su yi shiru a kansa ba. Abin da ke gaban zaure shi ne wasu 'ya'yanmu da wannan kaya suke ci, a gidan aure da suna, a unguwar da aikin yi ya yi ƙaranci. Iyayenmu kuma suna da haƙƙin barci kafin Asuba. Wannan ne ya sa muka zauna da masu gyaran na'urorin sauti na unguwa, muka yi ta tambaya kamar 'yan makarantar allo.

Amfilifayar da ake kira sitiriyo, in ji su, amfilifaya biyu ce a akwati ɗaya, kowace da mafitarta. Samari kan ɗauki akwatin lasifika ɗaya su ajiye a dama, ɗaya a hagu can nesa, suna ganin haka ne cikar kaya. Alhali jitar waya ɗaya take fitarwa, kuma kunnen ɗan Adam ba ya iya tantance ta ina kakkauran sauti ke zuwa, don haka rabawar ba ta ƙara daɗin komai. Illa ma take jawowa: akwatuna biyu da ke nesa da juna suna fitar da sauti iri ɗaya, a wani wuri sautin ya haɗu ya ninka, a wani wuri ya kashe juna. Idan makaɗi ya tsaya inda sautin ya mutu, sai ya yi ta murɗa maɓalli, ninkin kuwa yana can yana sauka a ɗakin wani. Mafi muni shi ne a juya wayar akwati ɗaya, ja a wurin baƙa, ta yadda fatar lasifika ɗaya na turawa ɗayar na ja. Nan bes ɗin kan ɓace daga tsakiyar fili ya tsira a gefe, wato wajen gidajen mutane. Gwajinsa bai kai kuɗin koko da ƙosai ba: a taɓa wayar kowane akwati da ƙaramin batir mai bolt 9, a tabbatar fatun biyu waje guda suka motsa.

Hanyar da ta fi, wadda mu ma da ba makaɗa ba muka ji bambancinta da kunnenmu, ita ce a tara akwatunan wuri ɗaya, a raba aikin tsakanin mafitun biyu. Akwai 'yar na'ura mai rarrabe sauti. Ita za ta aika kakkauran zuwa babbar lasifika mai inci 15 da ke ƙasa, ta aika matsakaici da siririn zuwa masu inci 10 da aka ɗora sama, daidai kunnen makaɗi. Da zarar ya ji yatsunsa sarai, ba ya sake neman ƙari. Sai a yanke duk abin da ke ƙasa da girgiza 40, domin ba ya ƙara wa kiɗa armashi, wuta kawai yake sha yana kaɗa kwano. A kuma janye akwati daga jikin bango, balle kusurwa, saboda bango yana ƙara wa bes ƙarfi, ya kuma miƙa shi ga wanda ke bayansa.

Akwai lissafin da rashin saninsa ke cinye jarin samari. Akwati biyu masu om 8 in aka jona su a mafita ɗaya sun koma om 4, kuma yawancin na'urori na ɗaukar haka. Amma idan aka gama mafitun biyu suka zama ɗaya don neman ƙarfi, kowane ɓangare rabin wannan adadi yake gani, wato om 2, a nan ne na'ura ke zafi ta mutu ana tsakiyar biki. Neman ƙarfin ma bai cancanci wahalar ba, don ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Sai an ninka shi kusan sau goma kunne ke jin ƙara ta ninka. Wanda ya rayu a shekarun dumso, daga 2012 zuwa 2016, ba ya buƙatar a tuna masa da sitabilaiza, ko da cewa amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Dalilin da ya sa zauren dattijo ya damu da om da wat ya wuce barcin tsofaffi. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta ƙasa, EPA, a unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare, kuma duk mai adalci ya san bukukuwanmu sun yi mata nisa. Muna kuma zaune a ƙasar mutanen Ga, waɗanda sarakunansu kan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda kowace shekara, tsakanin Mayu da Yuni, gabanin bikin Homowo. Ba mu manta da Afrilun 2018 ba, lokacin da ministan muhalli Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya ba da shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya ko WhatsApp. Zangunan Ankara sun yi ca, kuma da hujjarsu. Sai dai abin ya nuna mana cewa na waje ba ya rarrabe mana ƙara. Lasifikar masallaci da ta gidan biki duk a ma'auni ɗaya yake zuba su ya kira su hayaniyar Zango. Duk daren da bes ya hana unguwa barci, hujja ce muke bai wa mai neman taɓa kiran salla.

Yanzu idan iyalin ango suka zo neman a tare musu lungu, dattijo kan ce a kira mai kayan sauti shi ma ya zo. Mukan rubuta lokacin tashi, da inda za a ajiye akwatuna, sannan yayin gwaji a tura yaro ya shiga ɗakin da ya fi kusa da na wanda ya fi tsufa a layin, ya dawo ya faɗi abin da ya ji. Samarin unguwa sun karɓi wannan fiye da yadda aka zata, wataƙila don na'urorinsu sun rage ƙonewa. Waɗanda suka gagare mu har yau su ne masu kayan haya da ake ɗaukowa daga wasu unguwanni, su jera akwatuna kamar katanga, su karɓi kuɗinsu su tafi kafin gari ya waye. Su ba sa zuwa zaure, kuma iyalan da ke ɗauko su galibi masu hali ne da ake jin nauyin yi wa magana.