Littattafan da Nake So Ki Karanta a Hutun Nan

Kurya Madaro,
Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Da fatan kina lafiya, ke da Kawunki da iyalinsa baki ɗaya. Mu nan ƙalau muke, alhamdu lillahi. An fara yankan gero, Babanki kullum yana gona, Innarki kuma ta ce in gaya miki ƙafar ta yi sauƙi.

Saƙonki ya iso. Kin ce hutu ya zo, hanya ba ta bari ki taho gida ba, zaman Zariya ya ishe ki, in faɗa miki abin da za ki karanta. A ƙarshe kuma kin saka wata magana wadda ta fi tsaya mini a rai, wai kina jin kunya don kin girmi 'yan ajinku. Rabi, ba ke kika rufe makaranta ba. A Satumbar 2021 aka rufe makarantun jihar nan bayan an kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun, wata shida bayan irin haka ta faru a Jangebe, aka kuma katse layukan waya. Shekarun da suka wuce ki ba wasa kika yi da su ba. Saboda haka littattafan da na zaɓar miki duk labarin yara ne waɗanda suka girma a inda ba su zaɓa ba, suka kuma zama mutane.

Ki fara da Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi, shekarunsa ashirin da 'yan kai, saboda gasar da Rupert East ya shirya a can Zariyar da kike a 1933. Gasar ce ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki, aka buga su a 1934. Mutane sun fi ambaton Ruwan Bagaja don yana sa dariya, amma ni a wurina Shaihu Umar ya fi su duka nauyi. Ɗan siriri ne, za ki iya gama shi tsakanin azahar da isha'i, sai dai ina roƙonki kada ki yi masa karatun gaggawa.

Dattijon malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna yana ba su labari. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden da abokan zamansa suka yi wa hassada har sarki ya kore shi daga gari. Uwar ta bar yaron a hannun ƙawarta ta tafi ganin iyayenta, wani ya lallaɓa ya sace shi. Daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. In kin tsaya nan sai ki ce ai yaron ya dace. To, ki bi sawun uwar. Ta fita nemansa ita kaɗai, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa. Ta gan shi a ƙarshe can bayan hamada, ya zama mutum, ba ta daɗe ba ta cika. Abin da nake girmama marubucin da shi ke nan: bai ce ilimin da Umar ya samu ya biya hawayen uwarsa ba. Ya ajiye abu biyun gefe da gefe, ya bar mai karatu da su. Lokacin da muka karanta shi a makaranta muna ɗaukarsa labarin zamanin da ya wuce. Yanzu babu unguwar da za ki shiga daga nan zuwa Zurmi da Shinkafi ba ki tarar da uwar da ta san irin wannan jiran ba.

Kwafin da ke hannuna na Kakanki ne. Ya ce a jirgin ƙasa ya zo da shi daga Zariya, zamanin da layin dogon da ya iso Ƙaura a 1929 yake aiki sosai. Bangon ya tafi, na ɗinke bayan da zaren lilo, gefen shafukan duk rubutunsa ne na ajami da fensir. Ba zan aiko shi a mota ba. Ki sa Kawu ya nemo miki sabo wurin masu sayar da littattafan kamfanin NNPC, ai a garin kuke.

Na biyu, wanda na fi so ki karanta saboda maganar kunyar nan, shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Abu yarinya ce mai son boko, ubanta ya cire ta daga makaranta. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya yi karatu, ya dawo ya ce ba ya auren jahila. Don ya huce takaici, uban ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu tana babba, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, domin ita ma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, daga baya ta nemi ilimi da kanta. Akwai wurare a littafin masu zafin karantawa, musamman farkon zamanta a gidan Sarkin Noma. Ban ɓoye miki ba, kuma ban ce ki tsallake ba. Ki dai lura da yadda Abu take zama ta koyi abin da ƙananan yara suka riga ta sani, ba ta tsaya lissafin shekaru ba. Wasu na raina irin waɗannan littattafai, su ce adabin kasuwar Kano ne. Ni na koyar da 'yan mata shekara da shekaru, na ga waɗanda wannan littafin ya sa suka ƙi ajiye alƙalami.

Sai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda aka buga a 1980, ana kuma lissafa shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Marubuciyar ta daɗe zaune a Gusau, don haka tamu ce. Labarin Boɗaɗo ne, budurwa Bafulatana da ta kafe sai ta auri Yasir, wanda ba jinsinta ba, danginta suna ƙi. Sashen aljanar da ta shiga tsakaninsu bai dame ni ba sosai. Abin da nake so ki samu shi ne zama cikin gidan Fulani, ki ji kunyarsu da yadda yarinya take fafutukar faɗin ra'ayinta a gaban manya. Ku yaran yanzu kun tashi lokacin da zumuncin Bahaushe da Bafulatani ya yi rauni a ƙasar nan. Mu mun tashi ana kawo mana nono har tsakar gida, ana barin yara su kwana a gidajen juna. Ba na so ki girma ba ki san wancan zaman ba.

Ƙanenki Sani kuwa, tunda ya fara maganar barin gona ya tafi birni, ki saya masa Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Ibrahim ya bar ƙauye ya shiga birni, ya faɗa hannun miyagun abokai. Wa'azinsa ya ɗan yi yawa, amma gaskiya ya faɗa. In Turancinki ya ƙara ƙwari, akwai Born on a Tuesday na Elnathan John, na 2015, labarin almajiri Ɗantala wanda ya shiga bangar siyasa, ya tsere zuwa Sakkwato, wani malami ya riƙe shi. Wannan ki dakata masa sai kin gama sakandare, akwai maganganun manya a ciki.

Na ba direban da zai kawo miki wasiƙar nan kuɗin littafi biyu, da ƙullin ƙuli-ƙuli daga Innarki. In kin gama Shaihu Umar ki rubuto mini da hannunki, ba ta waya ba, ki faɗa mini abin da kika gani game da uwar Umar. Sa'an nan ki ba 'yan ɗakinku su ma su karanta. Ki gaishe mini da Kawu da matarsa da yara. Allah ya yi miki albarka, ya buɗe mana hanya ki zo mu gan ki.

Wassalam.

Ni ce taki,
Gwaggonki.