Digirin da Na Nema a Barga

Warin barga ne ya ja ni wurin. A 2016 ina zaune gidan yayata a jihar Kolorado ta Amurka, da digirina na ilimin harsuna a hannu, ina neman gurbin na biyu. Wata gona a bayan gari, inda ake yi wa yara jinya da doki, ta yi cigiyar masu aikin sa-kai. Ni da na tashi ina kai wa dawakin mahaifina dusa da kanwa a Katsina, ban yi wata-wata ba.

Aikina shi ne tafiya gefen doki, hannuna a kan cinyar yaro don kada ya zame. Shekararsa biyar, an haife shi da raunin ƙwaƙwalwa da ya hana jikinsa ƙwari. Ba sirdi, shimfiɗa ce kawai, sai hular kwano a kansa. Mutum ɗaya na jan ragama, mu biyu a gefe, ga wata dattijuwa mai gyaran magana tana ba da umarni. Da farko a langaɓe yake, yawu na zuba. Can sai na ga bayansa yana miƙewa. Dattijuwar ta sa aka tsayar da dokin cak, ta yi shiru, ta jira. Yaron ya ja numfashi, ya ce wa dokin ya tafi. Kalma ɗaya tak. Uwarsa da ke bakin shinge ta rufe fuska da tafin hannu.

Da aka sauke shi dattijuwar ta yi mini bayani. Doki na yin taku kusan 100 a minti ɗaya, kowane taku yana juya ƙugun wanda ke bisa kamar yadda ƙugu ke motsi in mutum na tafiya da ƙafarsa. Tsokar ciki da ta baya sai su farka, ƙirji ya buɗe, magana kuwa a kan iskar da ke fita take hawa.

A daren nan na fara neman jami'ar da ke ba da digiri na biyu a wannan fanni. Na yi makonni ina aika wasiƙu. Saura kaɗan in biya kuɗin kwas na ƙungiyar PATH, wadda aka kafa a 1969, kafin in gane cewa nata na koya wa masu buƙata ta musamman hawan doki ne. Aiki ne mai kyau, amma ba jinya ba ce.

Na koma wurin dattijuwar a gajiye. Ta ce, "'Yata, abin da babu shi kike nema. Doki kayan aiki ne a hannun wanda ya riga ya iya sana'arsa." Ta jera mini hanyar: digiri na biyu a gyaran magana, awa 400 a ɗakin jinya, jarrabawar Praxis, mako 36 ƙarƙashin wani ƙwararre, sannan shaidar ƙungiyar ASHA ta masu gyaran magana, da lasisin jiha. Sai bayan nan a je kwasa-kwasan ƙungiyar AHA ta masu jinya da doki, wadda aka kafa a 1992, shekara biyar bayan wasu masu jinya 18 daga Amurka da Kanada sun je Jamus koyon aikin. Kwas ɗin 'yan kwanaki ne, a mataki biyu.

Raina ya sosu, don na so gajeriyar hanya. Amma na tuna shirun da ta yi kafin yaron ya buɗe baki. Sanin lokacin da za a tsayar da doki, da tsawon jiran, ba a barga ta koye su ba.

Na kira Baba na ba shi labari. Tambayarsa ɗaya ce: wane irin doki ne? Na ce, "Baba, kili ne tsoho, mai sanyin hali." Ya ce, "Haka ya kamata. Namu na hawan sallah ba za su yi ba, an koya musu zabura da taƙama. Wannan aiki na mai taku daidai ne."

Shekara guda na yi ina cike darussan da digirina na farko bai taɓa ba, har da na tsarin maƙogwaro da na ji. A 2018 na samu gurbi. Kowace Asabar kuma ina gonar nan tun da sassafe, ina goge kilin kafin yara su iso.