Tagogin ɗakunan dattawanmu

'Yan uwa, duk ɗakin dattijon da na shiga gaisuwa a Agege, zafi da ƙaurin maganin sauro ne ke fara yi mini maraba. Taga a rufe ruf, har da kwali. Kakata cewa take iska ke tayar mata da ciwon gwiwa, wasu kuma ɓarayi suke tsoro. Ban ga laifinsu ba.

Sai dai ɗakunan hayar nan taga ɗaya gare su, ga janareta a bakin ƙofa. A cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Ni raga da ƙarfe na sa wa tagar kakata, na janye gadonta daga saitin iska, muka mai da janareta waje. Yanzu da la'asar takan buɗe taga da ƙofa tare, tarin dare ya yi sauƙi.