Tukunya Ba Gona Ba Ce

Wanda ya tashi a Dogon Daji, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, ba ya buƙatar a koya masa darajar ruwa. Daga Oktoba zuwa Mayu sama ba ta cika zubo mana komai ba, saboda haka duk inda muka ga ganye ya yi yaushi, ƙishirwa muke zargi. A lambun fadama wannan zato daidai yake. A tukunyar da ke falo kuwa, shi ne ajalin shuka. A gidajen abokaina malamai da ma'aikatan lafiya da suka soma ajiye tsirrai a ɗaki, yawancin waɗanda na ga sun mutu, yawan ban-ruwa ne ya kashe su.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa tana cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. A gona rarar ruwa takan nutse ta wuce, rana da iska su kwashe saura. A tukunya ba ta da wurin zuwa. Idan kafofin nan suka yi kwanaki cike da ruwa, saiwa takan ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya zuƙar komai. Sai ganye ya langaɓe alhali ƙasa na jiƙe sharkaf, mai shuka ya gani ya sake ɗauko buta.

Shi ya sa ba na bin kalanda. Nakan tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In na ji danshi, in ƙyale ta. In ta bushe, in zuba ruwa sosai har ya fito ta hujin gindin tukunya. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, hakan kan zo bayan kwana biyu ko uku. A damina tukunyar nan ɗaya takan yi mako ko fiye ba ta nemi komai ba.

Ita kanta tukunyar, ta yumɓu ta fi ta roba. Kowa ya san yadda randa ke tsattsafo ta sanyaya ruwan sha. Haka tukunyar ƙasa ke yi wa saiwa: tana fitar da rarar danshi ta jikinta, tana rage mata zafi. Ko wace iri ce dai, dole a huda gindinta, kuma a riƙa zubar da ruwan da ya taru a farantin da ke ƙarƙashinta. A yanayinmu sauro kan girma daga ƙwai cikin mako guda zuwa kwana goma, kuma gidan da ke da yara ba shi da dalilin ba shi masauki.

Kada a cika tukunya da lakar fadama, domin tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta ƙanƙame kamar tubali. Ni nakan haɗa kashi biyu na ƙasar jigawa da kashi ɗaya na takin da ya riga ya ruɓe, in barbaɗa ɗan garin gawayi. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona saiwa. In kuma da ruwan burtsatse ake ban-ruwa, za a iya ganin farin ɓawo kamar kanwa a saman ƙasa. Gishirin ruwan ne ya taru. A kankare shi, a wanke ƙasar da ruwan sama in damina ta sauka.

Sai haske. Tagar gabas ta fi dacewa, domin hantsi yana ciyar da ganye ba tare da ya babbake shi ba, saɓanin ranar la'asar da ke shigowa ta yamma. Shukar da ta yi tsawo siririya tana karkata wajen taga, haske take roƙo. Da hunturu kuma ƙura takan lulluɓe ganye ta tare masa hasken, don haka a riƙa goge shi da tsumma mai danshi duk mako.

Ga mai farawa, shawarata ita ce moda, wadda magabata ke cire zarenta su yi igiya da tsirkiyar baka, sai kuma alobera. Dukansu biyu suna ajiye ruwa a ganye, kuma da dare suke buɗe kafofin numfashinsu don kada zafin rana ya zuƙe su. Moda tana jure ɗaki mai ƙarancin haske, sai dai a nisanta ta da yaro mai kai komai baki, domin ganyenta na ɓata ciki. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuwa 'yan tsakar gida ne; su rana suke so, da shingen da zai kare su daga awaki.

Masu sayar da furanni sukan ce tsirrai na tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali daga binciken hukumar NASA ta Amurka na 1989, wanda aka yi a cikin rufaffun akwatuna. A 2019 masana a Jami'ar Drexel sun sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna cewa a ɗaki na gaske, iskar da ke shiga da fita ta fi tukwanen shuka aiki nesa ba kusa ba. Nawa dalilin ya fi wannan sauƙi. A watan Maris, lokacin da gonaki suka zama kara da ƙura tun daga bakin gari har iya ganin ido, ina son in buɗe ido da asuba in ga kore. Tukunyar moda guda ta isa, kuma ba za ta ci maka ruwan da ya kai buta ɗaya a mako ba.