Kirsimeti a Wusasa da Asusun Yara Bakwai

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a masaukin ɗalibai mata na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, biyu Musulmi, biyu Kirista. Da aka ba da ɗan gajeren hutun Kirsimeti, uku daga cikinmu muka zauna muka lissafa kuɗin motar zuwa gida da dawowa, muka tarar abin da ya rage a jakunkunanmu ko rabin hanya ba zai kai mu ba. Ta huɗunmu 'yar Wusasa ce. Ta dube mu ta yi dariya ta ce, "To ku tashi mu je gidanmu. Amma fa ku sani, yara bakwai ne a gidan, ba za ku yi barcin safe ba."

Ranar 24 ga Disamba da la'asar muka hau bas daga Samaru zuwa Kwangila, daga nan muka shiga keke ya bi da mu babbar hanyar Kaduna har Ɗan Magaji, muka karya zuwa Wusasa. Hunturu ya kankama, leɓɓanmu duk sun tsage, hazo ya rufe ko'ina. Dutsen Kufena ma, wanda a ranar da gari ya yi wasai ake hango shi tun daga nesa, sai da muka matso kusa sannan ya bayyana kamar wani ƙaton giwa a kwance.

Ƙannenmu 'yan sakandare, wataƙila kun sha wucewa ta gefen Wusasa a mota ba ku san abin da ke cikinta ba. Ƙaramin gari ne a gefen birnin Zazzau, amma yana da dogon tarihi a harkar ilimi. A 1929 ne mishan ɗin CMS ta baro cikin birni ta koma can. Jagoranta a Zazzau shi ne Likita Walter Miller, ɗan ƙasar Ingila, wanda Hausawa ke kira Likita Mila. Yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. A garin aka kafa makaranta da asibiti. Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, a nan ya yi firamare. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'armu, shi ma ya yi karatu a nan. Haka Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da wannan mishan ɗin ya fara karatunsa. Mutanen garin da yawa Hausawa ne da Fulani Kirista, Hausa ce harshensu na gida, da ita suke gaisuwa, da ita suke addu'a.

Tun daga bakin ƙofa yaran suka yi mana ca. Babbarsu shekara goma sha ɗaya, autansu bai cika uku ba. Kafin mu ajiye jaka an riga an raba mu, kowane yaro ya kama hannun wadda ya zaɓa yana cewa, "Wannan ce Antina." Muka durƙusa muka gaida Kaka, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, muka gaida Mama da ke gaban kasko tana suyar cincin. Ba a jira mun tambaya ba, Mama ta aiki yaro ya kai buta da tabarma ɗakin da aka ba mu, ta nuna wa Musulmin cikinmu gabas. Akuyar bikin kuwa tun da rana maƙwabcinsu Musulmi ya zo ya yanka ta, kamar yadda yake yi duk shekara, don kowa a unguwar ya ci naman hankali kwance.

Daren nan aikin kitso ya faɗo kanmu. 'Yan mata uku, kowacce da irin kitson da take so, ga kuka, ga gyangyaɗi. Muna cikin yi aka fito da kayan da za su sa gobe don a goge. Rigunan 'yan matan uku iri ɗaya ne, atamfa mai ruwan ganye, ɗinki mai kyau. Muka yaba. Ƙawarmu ta matso ta raɗa mana cewa ba sabuwar atamfa ba ce. Ta Mama ce da ta daɗe a akwati, ta kai wa tela ya yanka ta uku. Manyan gidan kuwa babu wanda ya yi sabon ɗinki bana.

Dalili shi ne babbar yarinyar. 'Yar ƙanin Mama ce, mahaifinta ya rasu da damina, aka ɗauko ta daga ƙauye aka haɗa da yaran gidan. Tana aji shida na firamare. A shekara mai zuwa za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, ga rajista, ga littattafai, ga kuɗin zango na biyu da ke jiran kowa a watan Janairu. Baki ya ƙaru a gidan, albashi bai ƙaru ba. Yarinyar ba ta cika magana ba. Ko da muke mata kitso, kanta na sunkuye, in an tambaye ta abu sai ta ce "to" kawai.

Safiyar Kirsimeti aka tashi tun asuba. Wanka da ruwan zafi, shafa mai, sa takalma, neman safar da ta ɓace. Auta ya ƙi yarda a cire masa tabaran roba ko da za a wanke masa fuska. Musulmin cikinmu suka zauna gadin tukunyar shinkafa, sauran suka bi ayari zuwa coci. Da aka dawo, labari ya cika gida: matan zumunta sun fito da anko suna buga tulu, 'yan kwaya sun yi waƙa da Hausa, yara kuma sun yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Da yaran suka ji akwai Antocin da ba su gani ba, sai suka ce sam, sai an maimaita a tsakar gida.

Aka kifa kwandon wanki ya zama komin dabbobi, aka naɗe 'yar tsana da zani. Tawul ya zama rawanin makiyaya, muciya ta zama sanda. Auta shi ne tunkiya, amma ya ce shi ba zai yi rarrafe ba, tunda yau ya sa sabon takalmi. Tunkiya ta yi wasanta a tsaye, da tabarau. Abin da ya ba mu mamaki shi ne 'yar aji shida. Ita aka ba aikin mai ba da labari, ta tsaya ta kawo shi tun daga tafiyar Yusufu da Maryamu zuwa Baitalami har zuwan masana taurari, da murya a sake, ba ta duba takarda ba ko sau ɗaya. Kaka ta bi ta da ido har ta gama, ba ta ce komai ba.

Bayan azahar aka shiga rabon abinci. Kowane yaro da kwanonsa a ka, shinkafa da miya da yankan nama a sama, cincin a leda. Muka raka su gida-gida, na Kirista da na Musulmi. Wasu kwanonin ba su dawo haka nan ba, an sako gyaɗa ko 'yar naira ɗari a ciki. Daga nan yawon Kirsimeti ya ɓarke, wanda ba shi da maraba da yawon Sallah da kuka sani: a shiga gida, a durƙusa, a ce barka da Kirsimeti, a samu alewa ko ɗan canji. Da yamma muka zaga mu huɗu muka ga tsohon Cocin Saint Bartholomew. Ginin ƙasa ne irin na maginan Hausa, mai kaurin bango, rufinsa na daga ciki an ɗaure shi da bakan gizo. In ba an faɗa maka ba, sai ka ɗauka zauren wani basarake ne. Waje ana ƙura da hayaniya, ciki kuwa sanyi da shiru.

Mun ɗauka biki ya ƙare ke nan. Ashe a gidan nan babbar ranar ita ce 26 ga wata. Da hantsi Kaka ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta fito da wani tsohon littafin rubutu da bironta. Kowane yaro ya shiga ɗaki ya fito da asusunsa na ƙasa, wanda ya shekara yana jefa canji a ciki. Aka haɗa da kuɗin yawon jiya. Ɗaya bayan ɗaya suka fasa, kowa ya ƙirga nasa da bakinsa, in ya yi kuskure ya sake daga farko. Wani ya tashi da N4,300, wata N6,150. Na Auta ya fashe da N350 da maɓalli biyu da murfin kwalba.

Dokar Kaka ita ce a raba kuɗin kowa gida uku. Kashi ɗaya na kayan makaranta ne: fensir, littafin rubutu, safa. Kashi ɗaya yaro ya ba wanda ya ga dama, ko baiko a coci ko wani mabukaci. Na ukun nasa ne, ya sayi abin da ransa ke so, ba mai tambayarsa. Bayan rabo sai ta buɗe littafin ta karanta wa kowa alkawarin da ya yi bara. Ɗan aji huɗu ya ce zai haddace jadawalin sau har na goma sha biyu. Nan take ta ce, "Bakwai sau takwas?" Ya yi shiru, ya ɗaga kai sama, ya ce hamsin da huɗu. Aka yi dariya, ta gyara masa, ta rubuta masa alkawarin a sabon shafi. Ba duka, ba faɗa. Abu ɗaya kawai take yarda yaro ya ɗauka a shekara, kuma sai wanda za a iya gwadawa. In ka ce "zan zama yaron kirki", sai ta ce ba ta san yadda ake auna wannan ba, ka sake wani.

'Yar aji shida ba ta da asusu, tunda a tsakiyar shekara ta zo. Kuɗin yawonta kawai ta ajiye a gabanta, N900. Da layi ya zo kanta, Kaka ta ce, "Ke fa, me za mu rubuta miki?" Ta daɗe tana wasa da bakin tabarma. Can ta ce, "Kaka, in kuɗin jarrabawar ba zai samu ba, zan iya bari sai wata shekara." Ashe duk lissafin da manya ke yi da dare a ɗaki, tana ji.

Tsakar gidan ta yi tsit. Kaka ta cire tabaranta ta ce, "Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Kuɗi aikinmu ne, karatu ne naki. Wane darasi ne ke ba ki wahala?" Ta ce lissafi, musamman rabawa. Kaka ta rubuta. Ba wanda ya ce wa yaran komai, sai ɗan aji huɗun nan ya tura kashinsa na bayarwa gabanta. Ƙanwarsa ta bi, sauran ma suka bi. Auta ya miƙa maɓalli ɗaya. Abin da aka tara bai kai ya biya komai da komai ba, Mama ma ta faɗa, amma ta ce ya rage mata nauyin littattafai.

Sai Kaka ta juyo kanmu. "To 'yan jami'a, ku ma akwai shafi." Kunya ta kama mu. Mu da muke karanta manyan darussa, kuɗin da aka ba mu na wata uku mun cinye shi a sati bakwai, har ya hana mu zuwa gida. Ba ɗaya a cikinmu da ke da littafin da take rubuta abin da ta kashe. Muka yi shawara a tsakaninmu, muka ce a rubuta mana abu biyu, ta ce ɗaya. Muka ce to: duk Asabar ɗaya daga cikinmu za ta zo Wusasa ta yi wa yarinyar darasin lissafi na awa biyu har ranar jarrabawa. Mu huɗu ne, ke nan kowacce sau ɗaya a wata. Ta rubuta, ta sa kowacce ta sa hannu.

Ƙannenmu, ku ma Janairu na tafe da zango na biyu. 'Yan aji uku na ƙaramar sakandare na da jarrabawarsu a gaba, 'yan ajin ƙarshe na da JAMB da WAEC da NECO. Ko Kirsimeti kuke yi ko Sallah, kuɗin yawo na shigowa hannunku, kuma kun san yadda yake narkewa. Ku yi wannan lissafin: N100 a kowane mako, sau mako 52, N5,200 ke nan. N50 a kullum kuwa N18,250 ce a shekara. Ku sami takarda ku rubuta darasi ɗaya da ke kayar da ku, da ranar da za ku riƙa zama kansa, ku ba wani babba ya ajiye, wanda kuka san zai tambaye ku.

Da za mu tafi, Mama ta cika mana leda da cincin, yaran suka raka mu har bakin titi, Auta na kuka a kafaɗar ƙawarmu. A hanya muka tsaya wurin mai tukwane muka sayi asusu takwas, bakwai na yara, ɗaya na ɗakinmu. Asabar ta farko a Janairu za a kai musu nasu, tare da littafin lissafi na aji shida. Mun yi ƙuri'a a cikin keke, ta faɗa kan wadda ta fi kowa tsoron rabawa a cikinmu, ga ta can tun jiya tana bita.